Ranar da Nad Dafa Jan Ruwan Basira

Salamu alaikum masu karatu, har da ku masu zagi. An karanta min abin da kunka rubuta ƙarƙashin maganata ta makon jiya. Wata tac ce ni mugun tsoho ne mai hana ɗiya aure. Wani yac ce jahilci ke damuna. To madalla. Ni Magagi na Filinge ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, gaskiya ne. Maganar ga ma a talho, wayar hannu, nike faɗinta, Lailatu mai shahin ga ke mai da ita rubutu. Amma kai da kac ce min jahili, ina kake shekarar yunwa da munka ci 'ya'yan anza wata bakwai a Kurfai? Ina kake ran da ramin zinariya yar ruhe da mu a Komabangu, mu biyar, anka hiddo huɗu cikin tabarma, ni nah hito da raina bayan kwana uku? A hanyar Jado motarmu ta mutu, ruwan injin nas sha, ga ni yau ina magana. Zinariya kuwa na san ta tun uwarka na goye da kai. Ku bari in ƙare, sannan ku zage ni da hujja.

Wanda bai ji farko ba, ga shi a taƙaice. Basiratu ita ce autata, ita kaɗai tay yi karatu mai nisa cikin ɗiyana tara. Tana Yamai tana neman abin da suke ce ma doktora, ba na allura ba, na haɗe-haɗen ruwa cikin kwalabe. Ɗakin aikinsu labo suke ce mai. Can tag gamu da Naziru, ɗan mutanen Bonkuku, mai gyara musu na'urori. Yaro dogo siriri awa karan dawa, ga tabarau, ga ladabi har ya yi yawa. Ni kuwa mutum in ladabinshi ya yi yawa, aljihuna nike dahewa.

Ran da ramin nan yar ruhe, akwai ƙwarar zinariya cikin bakina, girman ƙwallon magarya. Tsintarta nay yi, naj jefa kunci, sai ƙasa tas sauko. Kwana uku ita nike tsotsa cikin duhu, ita tah hana miyauna ƙahewa. Ban sai da ita ba. Shekarar fara na sai da sa, na sai da amalanke, ita tana nan ɗinke cikin laya. Bara, da Basira za ta koma Yamai, naf farke layar, nas sa mata ita a hannu, nac ce, "Auta, aje wagga. Ran da za a kai ki ɗaki, da ita za a ƙera miki 'yan kunne."

To ran Jumma'a sai ga ta da motar hantsi. Atamfa koriya, mayahi ruwan toka, ido ya faɗa, wuya duk ya hito. Tana rungume da galasiya, kular ƙanƙara, awa mai jego. Ko ruwa ba ta sha ba tash shige ɗakin uwarta Habsa, tat tona jiƙaƙƙen yashin gindin randa, tab binne wata babbar kwalba naɗe da baƙar leda, har wuya.

"Inna, kar kowa ya taɓa wagga. Ko rana kar ta gan ta. Kuran ɗin Yamai, wutar lantarki, ba ya zama, hirigo mai sanyaya kaya sai ɗumi, shi yas sa ban bar ta can ba."

"Mi ke ciki?"

"Aikina duka."

Ni ina tsakar gida ina ji. Ran Lahadi ne dangin Naziru za su zo da goron tambaya, hankalina na can. Da munka ci munka sha nac ce, "Auta, kawo ƙwarar nan in kai ma Idi maƙeri tun yanzu, kin san shi da jan aiki."

Tak kama murza bakin mayahi.

"Da ke nike."

"Tana nan, Baba. Sai dai ba yadda kas san ta ba."

"Ta yi ƙafafu?"

"Mun narka ta."

"A wuta?"

"A asid."

Jama'a, ku tsaya nan in koya muku abin da lakwal ba ta koya muku ba. In ka kai zinariya wurin mai saye a bakin rami, goga ta yake a baƙin dutse, ya ɗiga ma zanen asid. In zanen ya ɓace, tagulla ce, tashi ka ba mutane wuri. In ya tsaya, zinariya ce. Shekara talatin ina ganin haka da idona, daga Komabangu har Jado. Asid ba ya cin zinariya. Abin da asid yac ci, ba zinariya ba ne. Ko jakin da ke jan ruwa a bakin rami ya san wanga.

"Asid guda ba ya cin ta, Baba," in ji ta. "In an haɗa iri biyu, suna ci."

"Wa yaz zuba?"

"Naziru. Amma ni nas sa shi. Gishirin zinariyar da munka yi oda ya maƙale a hanya, iyaka na ruhe, aikina ya tsaya wata huɗu. Na yi kuka na gaji. Sai nat tuna da ita."

"Kin ga lokacin da ta narke?"

"Kwana tay yi cikin asid. Da sahe munka iske ruwa rawaya."

Kwana! Kun ji? Dare guda, ga yaro mai makullin labo, ga zinariya cikin kofi ba mai tsaro, da sahe ga ruwa rawaya. Ni Magagi za a ba wanga labari? Ɗayan biyu ne. Ko dai tagulla nat tsotsa kwana uku nar riƙe shekara da shekaru, ni da ake kawo ma dutse in lasa in faɗi abin da ke ciki. Ko kuwa ɗan tabarau ya sa ta aljihu, ya zuba ma ɗiyata ruwan kurkur.

Ran Asabar Naziru yaz zo da kanshi, Basira ce tak kira shi. Farar shadda, hula ɗinkin hannu, turare har bakin rijiya. Tun daga ƙofa yac cire takalmi, yad durƙusa nesa da tabarmata.

"Baba, ina wuni. Ina gajiya."

"Gajiya na wurin wanda anka yi ma sata."

Bai ɗago ba. Basira tac ce, "Baba, ka ba mu minti ashirin. In ka gani da idonka, ka yi hukunci."

Sunka shimfiɗa kayansu a inuwar dogon yaro, bisa teburin da Habsa ke tallar ƙuli. Ordinater, wato kwamfuta, da wani kofin gilashi, da ɗan akwati girman gwangwanin sardin, shi Naziru yah haɗa shi da hannunshi. Waya uku ke hitowa daga akwatin, kowace da ɗan siririn tsinke a baki. Basira tas sa safar hannu shuɗiya, taz zuba ruwan nan rawaya cikin kofin, ko rabin kofin shayi bai kai ba, awa hitsarin mai azumi. Tat tsoma tsinkayen uku. Sai wani zane yah hito a gilashin ordinater, can sama, yana tahiya a miƙe.

Tac ce, "Baba, zinariyarka tana cikin ruwan ga, amma a narke. In tana narke, yunwa gare ta, jan abinci take. Tsinkayen ga suna jin jan, akwatin ya auna, zanen ya nuna. Ka ga yana sama? Yunwa ke nan."

"Zinariya mai yunwa. To."

"Wanga kuma ruwan bagaruwa ne, irin ta majema, daga dallol, kwarin nan namu, nat tsinto. Shi ne abincinta. In ta ƙoshi sai ta koma zinariya sak, sai dai ƙanana, ƙanana ƙwarai. Dubu nawa za ka jera kahin su kai kaurin gashi guda. Duba zanen, kar ka dubi kofin."

Taɗ ɗiga. Wallahi ba zan yi ƙarya ba, ruwan bai canza ba tukuna zanen yaf fara gangarowa, awa akuya na sauka daga tudu. Ya sauko, ya ɗan tsaya, ya ƙara saukowa. Sai daga baya ruwan yad dushe, yay yi toka-toka, sannan ja yaf fara tasowa daga ciki. Naziru na ƙidayar lokaci a hankali. Da zanen yak kwanta a ƙasa yam miƙe, Basira tac ce, "An gama. Ba sauran mai yunwa." Kofin ya koma ja wur.

Habsa tar riƙe haɓa. "Ikon Allah! Malam, ka gani?"

"Na gani. Zoɓo."

"Baba, akwatin yana ji tun ido bai gani ba," in ji Basira. "Shi ke gaya min yaushe ƙwayoyin ke haihuwa, yaushe suke girma, yaushe zan tsaya. In sun hito kai ɗaya, ba babba ba ƙarami, su ake so. Ka tuna da anka soki yatsanka a likita don gwajin palu, zazzaɓin sauro, jan layi yah hito? Wannan jan, irin wagga zinariyar ce. Daga waje ake kawo muna. Ni so nike mu iya yin ta nan, da bagaruwarmu. Sau arba'in ina yi tana lalacewa. Ta arba'in da ɗaya ita ce a gindin randa, ta hi kowace kyau. Wata biyar ke nan ba ta kwanta ba, ba ta canza ba. In ta cika shida, malaminmu zai tahi da ita Dakar a duba ta da babban madubin ganin ƙananan abubuwa, sannan in tsaya gaban malamai a ba ni takarda."

Nad dubi yaron. Shi nike kallo tun ɗazu, ba zane ba.

"Kai. Zinariya wane launi gare ta?"

"Rawaya, Baba. Amma in ta yi ƙanƙanta..."

"Ban tambaye ka amma ba. Akwatin ga wa yah haɗa shi?"

"Ni ne."

"Zanen ga, akwatinka ke yin shi?"

"I, Baba."

"To mai kaya kai, mai awo kai, shaida kai. A Jado na ga mai sikelin da ke sa ma sikeli mayen ƙarfe a ƙasa, shi ma ladabi gare shi awa kai. Ina sauran?"

"Tana labo a kulle, a narke. In kana so in kai ka ka gani."

"In ga mi? Wani hitsarin?"

Sai lokacin yaɗ ɗago. Idonshi ya kaɗa bayan tabarau.

"Baba, ni ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba."

"Allura ba ta da tsada. Tashi ka bar min gida, ɓarawo."

Basira tac ce "Baba!" da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba. Shi kuwa yat tattara wayoyinshi ɗaya ɗaya, yan naɗe, yac ce, "A huta lahiya," yah hita da takalmi a hannu. Wanga ladabi shi yaƙ ƙara ƙona min rai. Mai gaskiya ai ihu yake.

Ranar ban ga tuwo da miya ba, gaya anka aje min. Habsa taz zo tat tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ɗankwali ya karkace.

"Malam, shekara arba'in da huɗu ina bin ka. Ka bar ni da ɗiya ka tahi rami, na yi haƙuri. Anka zo anka ce ka mutu, nay yi zaman makoki kwana biyu, kad dawo kana dariya, na yi haƙuri. Wanga ba zan yi ba. Yarinyar ga shekararta ashirin da tara. Kowa ya zo sai ya ce boko ya yi mata yawa. Ga wanda ke son ta da bokonta, ka kira shi ɓarawo gaban kaji."

"Ke kin san zinariya?"

"Na san ɗiyata. Ba ta ƙarya."

"Ban ce ta yi ƙarya ba. Rufa mata ido anka yi. So makanta ne."

"Kai kuma taurin kai mi ne?"

Naɗ ɗauko talho. Nak kira ƙanena Hamani, shi ne waliyyinta, nac ce gobe ya tare mutanen Bonkuku a tasha tun ba su iso ƙofata ba, ya mai da musu goronsu, ya ce Magagi ba ya haɗa jini da ɓarayi.

"Yaya, a bari a huce mana."

"Kalma kalma za ka faɗa. Kar ka rage ko ɗaya."

Bayan la'asar talho yay yi ƙara, saƙon murya ne a watsap. Nad danna. Naziru.

"Baba, ka yi haƙuri da ni. Laihina guda ne, da na zo na nemi izininka kahin mu taɓa ta. Basira ta ce kar ka ji sai aiki ya yi kyau, ni kuma nab biye mata. Amma Allah ya sani tana nan. Don Allah ko ka hana ni, kar ka yi hushi da ita. Wata guda yar rage mata."

Sau uku nas saurara, ina neman inda muryar za ta yi rawa irin ta maƙaryaci. Ba ta yi ba. Nac ce wanga ƙwararre ne.

Lahadi da sahe, ran kasuwa, Habsa da Basira sunka sa mayahi sunka tahi gidan liman su roƙe shi ya sa baki. Gida yay yi tsit, sai kaji. Ina zaune ina tunani. Nac ce ni mi nike jira? Su suna da akwati, ni ina da wuta. Tun kakannin kakanni, wuta ke raba gardamar zinariya. Ruwa ya tahi, datti ya ƙone, in akwai ta za ta zauna. In na dafa jan ruwan ga naƙ ƙahe shi, nan nuna ma Basira kasko wayam, ita da kanta za ta tohe yaron.

Kofin jiya yana nan bisa taga, amma ɗan kaɗan ne. Duk wanda yay yi rami ya sani, ba a gwaji da cikin cokali, kuma ba a gwaji da mataccen dutse. Inda jijiya tah hi kyau nan ake sara. Ita da bakinta tac ce ta gindin randa ta hi kowace.

Na ji ta ce kar a taɓa. Ba zan ɓoye ba, na ji. Amma a raina mi za a ɓata a ruwan bagaruwa? Bagaruwa ga ta nan cike da dallol, awaki na ci.

Nat tone kwalbar. Sanyi ƙalau, lita guda, da 'yar takarda manne da rubutun hannunta. Da naɗ ɗaga ta a rana, sai da nat tsaya kallonta, don jan nata ba irin na zoɓo ba ne, wani ja ne mai zurhi, haske na ratsa shi. Nac ce Magagi, kar kyau ya ruɗe ka. Naɗ ɗauko tsohuwar tasar da nike wanke ƙasa da ita a rami, nah hura murhu, naj juye duka.

Ya daɗe yana tafasa. Da ruwan yay yi ƙasa sai jan yaj juya, ya koma awa kunun da anka sa ma shuni, daga nan baƙi. Ƙauri yat tashi. Abin da yar rage a gindin tasa ƙanzo ne baƙi ƙirin, ko ƙyalli babu. Nay yi dariya ni kaɗai har da buga cinya. Nak kankare shi tas da wuƙa cikin takarda, nas sa aljihu, nan nuhi kasuwa. So nike maƙeri ya shaida, kar a ce son raina ne.

Idi tsarana ne, rana ɗaya anka yi muna kaciya, shi yay yi kuka ni ban yi ba. Rumfarshi na bayan 'yan sirdi. Nab buɗe mai takardar.

"Kai Magagi, Habsa ta kore ka ne kake yawo da ƙanzon tuwo?"

"Sa min shi a wuta, tsohon banza. In ka ga ko ƙurar zinariya, na ba ka rawanina."

"Rawaninka mai ƙwarƙwata? Riƙe abinka."

Yaj juye cikin ɗan kaskonshi na yumɓu, yab barbaɗa farin garin nan nasu, yab binne a garwashi, yak kama zugazugi. Hayaƙi yat tashi, baƙin yac cinye, garin yan narke yay yi awa zuma. Ina tsaye ina shirya kalmomin da zan gaya ma Basira. Sai naj ji zugar ta tsaya.

"Zo ka gani."

"Mi?"

"Ido ya buɗe."

Duk wanda yat taɓa narka zinariya ya san wanga ido. A tsakiyar kaskon wani ɗan ɗigo ne ke juyawa, yana tattara 'yan uwanshi, yana sheƙi. Idi yak kama shi da awartaki yaj jefa a ruwa, yac ce cuu. Yas sa min a tahin hannu. Ƙwaya guda, ta ɗan hi ƙwayar gero. Rawaya.

"Goga ta," nac ce.

Yag goga a baƙin dutse, yaɗ ɗiga asid. Munka zuba ido. Zanen na nan daram, ko gezau.

"Wagga ta hi ta Komabangu tsabta," in ji Idi. "An wanke ta, ba azurfa ko kaɗan. Ina kas samo, ɓarawon tsoho?"

Nad dunƙule ƙwayar a hannu. Nal lalubo talho, nak kira Hamani.

"Kana ina? Kar ka je tasha."

"Ai an gama, Yaya. Tun hantsi sunka iso, su huɗu, da baffan yaron. Na faɗa musu."

"Mi kaf faɗa?"

"Yadda kac ce."

"Har da ɓarayin?"

"Kai kac ce kar in rage ko ɗaya. Gaban 'yan kamasho ma. Tsohon yaɗ ɗauki ƙwaryar goron da kanshi, sunka koma motar da tak kawo su."

Ku ji min Hamani! Shekara sittin ina aikenshi, bai taɓa kai saƙo daidai ba. In na ce gero ya ce dawa, in na ce gobe ya je jibi. Yau kaɗai, yau da ya kamata ya yi hankali, yau yaz zama mai riƙon amana. Naz zage shi tas, nak kashe.

Da nash shiga gida, Habsa na tsaye bakin murhu riƙe da tasar. Basira na durƙushe a ƙofar ɗaki, kwalbar na kan cinyarta, ta cire mata ledar. Ba kuka take ba. Da kuka take da ya hi min sauƙi.

Nam matsa, nab buɗe hannu.

"Auta, ga ta. Tana ciki. Yaron bai yi sata ba."

Ko kallon hannun ba ta yi ba.

"Na sani, Baba. Duk gidan ga kai kaɗai ne ba ka sani ba."

"To ai sai ki sake narka ta. Ga ta nan, ga kuma sauran a labo. Bagaruwa kuwa ni da kaina zan ciko miki buhu."

"Wata biyar da kwana goma sha ɗaya," tac ce. "Su za ka ciko min a buhu? Abin da malamai ke so su gani shi ne ta zauna wata shida ba ta kwanta ba. Zaman shi ne aikin. Ko yau nas sake, ko ta hito daidai a karon farko, bana ta wuce ni."

"Mi yas sa ba ki raba ta kwalba biyu ba? Wane mai hankali ke sa dukiyarshi wuri guda?"

"Naziru ya ce in raba, in bar rabi wurinshi. Nac ce a'a, ba inda yah hi ɗakin uwata tsaro."

Habsa tas saki tasar taf faɗi ƙasa, ƙararta har maƙwabta.

Na yi hushi, jama'a, kuma har yanzu da nike maganar ga ina cikinshi. Ina hushi da masu littahin da sunka san asid biyu na cin zinariya ba su taɓa zuwa bakin rami sun gaya muna ba. Ina hushi da Hamani. Ina hushi da yaron da bai buga tebur ya ce min ƙarya nike ba. Ina hushi da zinariyar da ta ga dama ta zama ja. Sauran hushin kuwa na san mai shi, ba sai kun rubuto min sunanshi ba.

Basira tat tashi, tash shiga ɗaki, naj ji tana jan zip ɗin jaka. Nac ce ma Habsa, "Hiddo min babbar riga, mai aska."

"Ina za ka?"

"Hiddo min."

Motar 'yan kasuwa nas samu mai komawa Baleyara, anka matse ni tsakanin buhun wake da wata mai kaji. Kahin la'asar nas sauka Bonkuku. Tambaya guda nay yi anka nuna min gidan, kuma yadda mai nunin yad dube ni, na san labari ya riga ni isowa. Maza sun kai goma a ƙofar gida bisa tabarmi. Ƙwaryar goron na tsakiya, ɗaure da farin ƙyallenta yadda tat tahi. Naziru na can gehe, ba tabarau, kai a ƙasa.

Nay yi sallama. Mutum biyu kaɗai sunka amsa.

Baffan nashi tsoho ne baƙi mai farin gemu, da ganinshi ya girme ni. Yad dube ni tun daga rawani har takalmi, bai ce in zauna ba.

"Kai ne Magagi?"

"Ni ne."

"Mi kaz zo nema gidan ɓarayi?"

Na zo da magana cike da baki, tun daga Filinge nike jera ta. Ta rami, ta asid, ta baƙin dutse, yadda kowane mai hankali zai yi zaton da nay yi. Duk tab bi iska. Nat tuɓe takalmi nesa da tabarma, nak kwance rawani nar riƙe a hannu. Gwiwar hagu ce tak karye a Komabangu, ba ta lanƙwasuwa sai da dabara, sai da nad dafa ƙasa sannan tas sauka. Naj ji wani yaro ya ja numfashi. Naziru yay yunƙura zai tashi ya kama ni.

"Zauna," in ji baffan. "Bar shi ya iso ƙasa tukuna."